Kifin Sumayya

Mahaifina Isiyaku masunci ne ɗan masunta daga Yauri, amma a Riyad ya ƙarar da ƙarfinsa, garin da ko kududdufin kirki babu. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, ni kuwa ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ina goye a bayan mahaifiyata, wadda kowa yake kira Gogo, wani kamfani ya zo ɗibar leburori, Baba ya ba da sunansa. A nan ya koyi tuƙi, aka damƙa masa wayit, wato tankar ruwa. Da farko ruwan sha yake kai wa gidaje. Da kamfanin ya canza hannu sai aka mayar da shi tankar da ke zuƙe masai, a kanta kuma ya tsufa.

Gogo ta bi shi bayan ta yaye ni. Aka bar ni wurin gwaggona da cewa za a dawo a ɗauke ni, ba a dawo ba. Sai da na yi aure, mijina Sha'aban ya samu aikin direba a Riyad, sannan na zo na tarar da iyayena a wani tsohon gida a unguwar Utaiƙa, da wani ƙanena da aka haifa a nan, Shakir, wanda a hoto kawai na san shi. Ni Rabi'atu, 'yar fari, a gidan ubana sai da aka nuna mini inda banɗaki yake. A gidan muka zauna tare da su, ni da Sha'aban.

Baba ba mai yawan magana ba ne. In ya dawo aiki sai ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, ya zauna a tabarma ya jawo duk igiyar da ya gani yana ɗaurawa yana kwancewa. Igiyar shanya, igiyar buhun shinkafa, wayar caja, babu wadda ta tsira. Abu ɗaya ne yake buɗe masa baki, shi ne shagon kifi da ke bakin kasuwa. Zai je ya tsaya a kan kifin da aka jera cikin ƙanƙara, ya ɗaga wannan ya duba ido, ya ajiye, ya zage shi tas da Hausa, mai shagon yana murmushi yana zaton yabo ne. In ya saya, Gogo ta hau rufin gida da rabin durom ta yi banda, maƙwabta su yi ta buga ƙofa saboda hayaƙi. Ita kuma ta leƙo ta ce ba ta jin Larabci, alhali a kasuwa ta fi Balarabiya iya ciniki.

Shakir kuwa ɗan gayu ne. Yana aiki a shagon wayoyi a Murabba, farar jallabiya kullum a goge, turare tun daga bakin lungu. Ya kama gida a Ulaisha da matarsa da 'ya'yansa biyu, Sumayya mai shekara bakwai da Kamil da ko makaranta bai shiga ba. In an tambaye shi aikin ubansa sai ya ce direba ne, ya yi sauri ya canza zance. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, don haka yaran nan biyu su ne kaɗai jikokin Baba. Larabci ne a bakinsu. In ya ce "zo nan, amarya," Sumayya sai ta kalli uwarta a fassara mata. Jiddu suke ce masa, ya yi ya yi su ce Kaka sun ƙi.

A shekarar 2016 kamfani ya ce Baba ya tsufa, ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama, shi da Gogo su shirya komawa gida. Na yi zaton zai yi faɗa. Mutumin da ya kwashe ƙazantar garin nan tun gashinsa yana baƙi, a sallame shi ba ko na gode. Ni ce na yi ta kumfar baki, shi ko a jikinsa. Abin da ya dame shi daban ne, kuma sai da ya yi kwanaki yana juya abinci a kwano kafin ya faɗa.

A gidanmu na Yauri akwai abin da ake yi tun kakanni. Kifin farko da yaro ya kama da hannunsa ba a sayarwa, ba a mayarwa ruwa, shi ma yaron ba ya ci. Kakarsa ce take dafawa, a zuba a faranti, yaron ya ɗauka da hannu biyu ya tsaya gaban ubansa. Ba ya ajiyewa har sai uban ya gutsira ya kai baki. Daga ranar an san ɗan nan ya ciyar da ubansa, ya shiga sahun mutanen gidan. Baba ya yi wa nasa uban. Ni ban yi masa ba, don ba ya nan. Shakir bai yi masa ba, don babu ruwa. Yanzu so yake kafin ya hau jirgi ya ga jikansa ya tsaya gaban Shakir da faranti, kada abin ya mutu a hannunsa.

Ruwan da yake nufi na Wadi Hanifa ne, wani kwari da ya ratsa ta bayan unguwarmu. Da can juji ne, daga baya aka gyara shi, aka dasa itatuwa, aka jera duwatsu, iyalai suna zuwa shan iska. Akwai karfasa a ciki, Larabawa suna ce mata bulɗi, akwai tarwaɗa ma. Sai dai kowa ya san ruwan ba daga sama ya sauko ba, wanda gari ya gama amfani da shi ne ake tacewa.

"Baba, kai fa ka fi kowa sanin abin da ke cikin ruwan nan," na ce masa.

"Na sani."

"Shi ne za ka kai jikokinka?"

"Ruwan da kifi ya yarda ya zauna a ciki ruwa ne. Ke a Yauri ina kike tsammani wankin gari da fitsarin shanu suke tafiya? Ba shi kika sha kika girma ba?"

Na yi tsaki a raina na tashi.

Ranar Asabar ake kawo yaran wurin Gogo su wuni, a nan karatun ya fara. Ba a bakin ruwa aka soma ba, a rufin gida ne. Baba ba ya yarda da sandar fatsa ta kanti, ya ce ta masu hutu ce. Zare ya naɗe a jikin gwangwanin lemo, ya zaunar da Sumayya ya koya mata ɗaurin ƙugiya, ta ɗaura ya kwance, ta ɗaura ya kwance, har ta fashe da kuka ta jefar. Bai lallashe ta ba, ya ɗauko ya sake miƙa mata. Gogo ce mai lallashi, ita ce kuma mai koyar da abin tarko. Tsutsar tana ba ta samuwa a wannan ƙasa, don haka take kwaɓa tsakiyar burodi da ɗan mai da garin daddawa, ta nuna wa yaran yadda ake mulmula shi ya kama ƙugiya. Kamil rabin nasa a baki yake ƙarewa.

Sai kuma wasan da ya fi ba ni dariya duk da haushin da nake ji. Baba zai ɗora zaren a kan yatsan Sumayya, ya ce ta rufe ido, shi kuma ya ja ɗaya bakin ya ɓuya bayan tankin ruwa. Tsoho da furfura, durƙushe a rana, yana kwaikwayon kifi. Ya ɗan taɓa zaren sau biyu a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Samak," in ji ta, wato kifi da Larabci.

"Ban san shi ba. Wane ne?"

"Karfasa."

"Me take yi?"

"Tana... ɗanɗanawa."

"To kada ki ja. Bari ta yarda da ke tukuna."

In ya fizga da nauyi tarwaɗa ce, in ya ja a hankali ba tsayawa ciyawa ce, in ya kaɗa iska ce. Ta yi kuskure ya daka mata tsawa daga bayan tanki, ta dace ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne yabonsa. Kamil bai daɗe ba ya koma bin kuliyoyin rufi, Baba ya ce a ƙyale shi, lokacinsa bai yi ba. Sumayya ce ta nace. Yarinya ce mai taurin kai irin na gidanmu, in ta cije leɓe sai ka ga Baba sak. Ba wanda ya zaunar da ita koyon Hausa, amma kafin zafi ya shigo sosai ta fara mayar masa da magana, har tana ce masa shi ne bai iya zama kifi ba.

Shakir ya san suna zuwa wadi. Na gaya masa da bakina abin da Baba yake shiryawa, ya ɗaga kafaɗa yana danna waya. "Su yi wasansu, Yaya. Bas, kawai kada a kawo mini." Na ɗauka maganar baki ce. Wane uba ne 'yarsa za ta tsaya gabansa da faranti ya kau da kai?

Asabar uku suna zuwa bakin ruwa suna dawowa hannu wofi. A ta huɗu na bi su da la'asar, ni da Gogo muna zaune kan dutse da abayoyinmu. Sumayya tana tsugune, zare a yatsa, Baba a bayanta ya harɗe hannuwa a ƙirji don kada su kai kan zaren. Na ga zaren ya motsa, na ga ta cije leɓe ba ta ja ba. Ya sake motsawa. Sai ta fizga, ta miƙe tana naɗewa a gwangwani, ga karfasa kamar tafin hannun babba tana fal-fal a kan tsakuwa. Da kanta ta danne ta ta cire ƙugiyar, ƙaya ta soke ta, ba ta ko duba jinin ba. Baba ya juya mana baya yana kallon itatuwa, ya daɗe bai juyo ba.

Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Baba ya aske, ya fito da babbar rigar da bai sa ba tun bikin Shakir. Gogo ta soya kifin, ta yi masa miyar albasa, ta sa a farantin tangaran da take ɓoyewa don baƙi. Da na shiga kicin na ga kifin ya fi wanda na sani kauri kaɗan. Na kalle ta, ta kalle ni, ta ɗora yatsa a baki. Ashe da safe ta saci jiki ta je shagon bakin kasuwa ta sayo wata karfasar, ta kuma buga wa Shakir waya ta gaya masa, don ya ci hankali kwance, uban ya ji daɗi, kowa ya rabu lafiya. Dabarar uwa ce, ban ga laifinta ba a lokacin.

Muka zauna a falo, Shakir da matarsa, ni da Sha'aban, Baba a kan darduma. Sumayya ta fito daga kicin da farantin a hannu biyu, tana tafiya a hankali kada miya ta zube. Ta tsaya gaban ubanta. Baba ya koya mata abin da za ta ce, ta kuma faɗe shi da Hausa ba gargada.

"Baba, ga abin da na kamo maka."

Shakir ya kalli farantin, ya kalli bango.

"Mashallah, habibti. Ajiye a can."

"Ba a ajiyewa," in ji ta.

"Gutsira kawai za ka yi," Baba ya ce. "Ko kamar ƙwayar gero."

"Na ƙoshi."

Gogo ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya. "Ci mana, ɗan nan. Ai na gaya maka."

"Na ji, Gogo. Kin gaya mini na kasuwa ne, kin jefa wa kuliyoyi wancan. Ko daga Makka aka kawo shi ba zan ci ba."

Da ƙarfi ya faɗa, kuma da Hausa. Ina jin ya manta cewa 'yarsa yanzu tana ji. Na ga idonta ya sauka kan kifin, ya koma kan kakarta. Gogo ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma yarinyar ba ta sauke hannu ba.

"In ba ƙyama ba ce, to mene ne?" Baba ya tambaya. Muryarsa ba ta tashi ba.

Nan Shakir ya zazzage abin da ke cikinsa, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce shi wa ya taɓa kai shi bakin wani ruwa? Ya ce yana yaro Baba yakan fita bai tashi ba, ya dawo ya yi barci, abin da ya sani na ubansa shi ne warin da ke jikin rigarsa a ƙusa. Ya ce a makaranta sunan tankar nan aka laƙa masa, yara suna toshe hanci in ya wuce, ya zo gida ya faɗa, Baba ya ce ya yi haƙuri ya ci gaba da wasa da igiya. "Ko sau ɗaya ba ka zaunar da ni ka nuna mini ɗaurin nan ba. Ga igiyar a hannunka kullum, ga ni a gabanka. Yanzu da za ka tafi ka tuna kana da gadon da za ka bari? Ka tsallake ni ka ba 'yata, sannan in buɗe baki in ci in ce an kyauta? Khalas, Baba, shi ke nan. Ni ba na cikin wannan."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ba ka yi ƙarya ba," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ni ce na kasa haƙuri. Na miƙe na ce wa Shakir, kai da aka haifa a ɗakin nan, ka sha nonon Gogo har ka ƙoshi, ka ga ubanka ko da a barci ne, kai ne mai ƙorafi? Ni da aka ajiye a Yauri kamar kayan da aka manta a tasha, sai na yi yaya? Tankar da kake jin kunya ita ta saya maka farar rigar farko. In faɗa kake da Baba, ga shi nan zaune, ku fita waje ku yi ta yi har Magariba. Amma wadda take tsaye a gabanka ba Baba ba ce. Me ta yi maka? Sha'aban yana jan gefen zanena, na fizge.

Shakir ya tashi ya ɗauki makullin motarsa, ya saɓi Kamil, ya ce wa matarsa su tafi. Dole sai da ya kewaye Sumayya kafin ya kai ƙofa, don ba ta matsa ba. Ya kira ta daga waje sau biyu, ba ta amsa ba, uwar ta ce a bar ta ta kwana wurina.

Ta ci gaba da tsayuwa tana fuskantar kujerar da babu kowa. Miya ta gangaro ta ɓata mata riga. Baba ya ce ta ajiye, ta ƙi. Na ce ta kawo ni in ci, ta girgiza kai. Sai da Gogo ta durƙusa ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya sannan farantin ya bar hannunta. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata.

Baba bai yi wa Gogo faɗan musanyar da ta yi ba, bai kuma ƙara hawa rufin ba. Ya naɗe zaren a gwangwaninsa ya ba Sumayya, ya shiga haɗa kaya. Ranar tafiya Shakir ne ya kai su filin jirgi, ya ɗauki jakunkuna, ya sumbaci kan ubansa kamar yadda ake yi a nan, duk abin da mutane za su gani su yaba ya yi. Ina kallonsa ina jin kamar in kwaɗa masa mari.

Ina son in yi adalci, don na san yaron ya sha wuya, kuma Baba ba waliyyi ba ne. Mutum ne da ya iya zama bayan tanki a rana saboda jika, bai iya zama da ɗansa a inuwa ba. Na yarda da wannan. Amma har gobe ban ga abin da ya haɗa fushin Shakir da yarinyar da ƙaya ta soke ta ba ta ce uffan ba, don kawai ta kawo wa ubanta abu.

Sumayya ba ta yi rashin kunya ba, ba ta daina gaishe shi ba. Abu ɗaya kawai ta daina. In ya ce ta kawo ruwa, za ta kawo ta ajiye a tebur. In ya ce miƙo mini waya, za ta ɗora a hannun kujera ta wuce. Shayi, makulli, takalmi, duk haka. Ya miƙa hannu, ta ajiye a gefen hannun. Uwarta ta yi faɗa, ta yi lallashi, a banza. Da farko Shakir dariya yake yi, yana cewa yarinta ce. Da aka shafe watanni dariyar ta ƙare.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofata shi kaɗai, da leda a hannu. Ya zauna a inda Baba yake zama, ya zazzage ledar: zare sabo, kwalin ƙugiyoyi, har da gwangwanin lemo da ya wanke. Yatsunsa biyu da filasta.

"Yaya, nuna mini yadda ake ɗaurin nan. Na duba a waya, ba irin na Baba ba ne. In na iya, sai in ce mata mu je wadi."

"Ka kira Baba mana."

Ya ɗauki ƙugiya ɗaya yana juyawa.

"Ni ban iya ba," na ce masa. "Ni ma ba a koya mini ba, ko ka manta? Duk garin nan mutum ɗaya ne ya san ɗaurin gidanmu, kuma a gidanka take kwana."

"Ba za ta karɓa daga hannuna ba."

"To sai ka tsaya a gabanta ka riƙe, kada ka ajiye."

Ya mayar da kayan cikin leda ɗaya bayan ɗaya ya tashi. Ban ba shi ko ruwa ba, ban kuma raka shi ƙofa ba.